BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA

Akwai wata gardama da mutanen Ostireliya suka daɗe suna yi a kan wasan ƙwallonsu, mun ga ya kamata mu kawo ta gaban masu karatu, musamman malaman makaranta da akawuna, domin ko da yake wasan baƙo ne gare mu, gardamar ba baƙuwa ba ce. Ga tambayar: in an shiga fili an hura usur, wasan na wane ne? Na malamin wasa ne, watau wanda ake kira koci, wanda ke zaune can bisa cikin ɗakin gilashi yana ba da umurni, ko kuwa na samarin nan da ke gudu a ƙasa? Mu dai muna da ra'ayi a kan wannan, za mu kuwa faɗe shi ba ɓoye-ɓoye. Amma kafin nan sai mun bayyana yadda wasan yake, don mai karatu ya auna maganarmu da kansa.

Yadda wasan yake

A shekarar 1858 wani mutum mai suna Tom Wills ya rubuta wa wata jarida wasiƙa a birnin Melbon, ya ba da shawara a kafa ƙungiyar ƙwallo domin 'yan wasan kurket su sami abin motsa jiki lokacin hunturu. A watan Mayu na 1859 shi da waɗansu abokansa suka zauna suka rubuta dokokin farko. Daga baya wasan ya koma filayen kurket, filaye masu siffar ƙwai, waɗanda tsawonsu ya kan kai daga mita 135 zuwa 185, watau sun fi filin ƙwallon ƙafa da muka sani nesa ba kusa ba. Ƙwallon ita ma siffar ƙwai gare ta, in ta faɗi ƙasa ba mai iya rantsuwa a kan inda za ta nufa.

Kowane gefe mutum 18 ke shiga fili. Babu mai tsaron gida, babu kuwa dokar satar fage. A kowane ƙarshen fili an kafa sanduna huɗu a jere, dogaye biyu a tsakiya, gajeru biyu a gefe. Wanda ya buga ƙwallo da ƙafa ta wuce tsakanin dogayen ba wanda ya taɓa ta, ya ci gwal, maki 6 ke nan. In ta bi tsakanin doguwa da gajeruwa, ko wani ya taɓa ta kafin ta shiga, maki 1 ne. Ana riƙe ƙwallo a yi gudu da ita, amma kowace mita 15 sai an buga ta da ƙasa. An hana jifa. In kana son miƙa wa ɗan'uwanka, ko dai ka buga masa da ƙafa, ko ka ɗora ta a tafin hannu ɗaya ka naushe ta da ɗayan. Wanda ya cafe ƙwallon da aka bugo da ƙafa daga nisan mita 15 ko fiye tun ba ta taɓa ƙasa ba, alƙali ya kan hura masa usur, ya ja da baya ya buga a natse ba mai taɓa shi. Wanda kuwa ke riƙe da ita ba ta wannan hanya ba, doka ta yarda a rungume shi a kayar, muddin an kama shi tsakanin kafaɗa da gwiwa. Ana yin wasan kashi huɗu, kowane kashi minti 20, ban da lokacin da aka tsaya.

Tun da doka ba ta ɗaure kowa a wuri guda ba, sai mutanen dā suka yi wa kansu tsari. Suka jera mutum 15 layi biyar, uku-uku: layi biyu na tsaron baya, ɗaya a tsakiya, biyu na gaba masu neman ci. Kowa yana da abokin karonsa guda, mai tsaron baya na wannan gefe yana tsaye kafaɗa da kafaɗa da mai cin gwal na wancan. Sauran ukun su ne masu bin ƙwallo duk inda ta je. Na farkonsu dogo ne ƙwarai, aikinsa in alƙali ya tayar da ƙwallo sama ya yi tsalle ya doke ta da hannu zuwa ga nasa. Na biyu kakkaura ne mai ƙarfin kutsawa cikin taro. Na uku ɗan ƙanƙane ne mai wayo da sauri, shi ke tsintar abin da dogon ya kakkaɓo.

Zamanin kowa da turkensa

Wanda ya fi kowa suna a wannan tsohon tsari shi ne Jock McHale, wanda ya koyar da ƙungiyar Collingwood daga 1912 har 1949, wasa 714, ya ci kofi sau 8. Huɗu daga ciki a jere ya ci su, daga 1927 zuwa 1930, abin da ba wata ƙungiya da ta sake yi a wannan gasa. Mutane suka sa wa ƙungiyar tasa suna Inji, domin kowane ɗan wasa ya san aikinsa kamar haƙorin ƙarfe a cikin agogo. Abin da ya fi ba mu sha'awa game da McHale shi ne ya tsaya a kan a biya 'yan wasansa kuɗi daidai wa daida. Gordon Coventry, wanda ya ci gwal 124 a shekarar 1929, abin da ake ba shi shi ake ba wanda ya yini yana tare hanya a baya ba wanda ya tafa masa.

Wannan tsari yana da kyau, gama ya koya wa mutum riƙon amana da sanin iyakarsa. Amma yana da aibu guda. An koya wa yara cewa in ka cafe ƙwallo ka tsaya, ka ja da baya, ka buga mai nisa zuwa ga dogon da ke gaba, ya yi kokawa da abokin karonsa. Naushin ƙwallo kuwa ana ganinsa abin fita kunya ne kawai, wanda mutum ya kan yi in an rutsa shi, kuma ɗan wasan da ya yi shi kusa da gidansu ya kan sha faɗa. An koya musu abin da za su yi, ba a koya musu dalilinsa ba, saboda haka ran da al'amari ya juya sai su rasa tudun dafawa.

Ranar da aka karya al'ada

Ran 26 ga Satumba, 1970, aka yi wasan ƙarshe na cin kofi a babban filin kurket na Melbon, tsakanin Carlton da Collingwood, gaban mutum 121,696. Da aka tafi hutun rabin lokaci Collingwood tana da maki 73, Carlton 29, tsakaninsu 44 ke nan. Malamin Carlton, Ron Barassi, ya tara yaransa ya umurce su su bar tsayawa, su riƙa naushin ƙwallo daga hannu zuwa hannu ko da a bakin gidansu ne, su ci gaba da gudu kada su ba abokan hamayya damar komawa wurarensu. Sa'an nan ya fitar da wani ɗan wasa ya shigar da wani ɗan ƙaramin yaro mai suna Ted Hopkins wanda ke zaman jira a benci. A kashi na uku Carlton ta ci gwal 8. Hopkins shi kaɗai ya ci 4 kafin a tashi. Aka ƙare Carlton 111, Collingwood 101.

Masu ba da labari sun fi son su ce a cikin mintocin hutun nan Barassi ya ƙago sabon wasa. A nan ne muka rabu da su. Shin yaran da ba su taɓa gwada abu ba za su iya yinsa gaban mutum dubu ɗari da ashirin, ana binsu maki 44, don kawai an daka musu tsawa? Ai wannan iri an daɗe da shuka shi. Len Smith, wanda ya koyar da Fitzroy daga 1958 zuwa 1962, tun a lokacin yana wa'azin gudu da naushin ƙwallo. Graham Farmer, wani dogo daga cikin 'yan asalin ƙasar, wanda ya zo Geelong a 1962 suka ci kofi a 1963, ya mai da naushi makamin kai hari, har ana ba da labarin ya kan auna tagar mota yana nausa ƙwallo ta ciki don hannunsa ya faɗa. Barassi kansa a gidan Norm Smith, ƙanen Len, ya yi samartakarsa, bayan mahaifinsa ya rasu a yaƙin Tobruk a 1941, kuma a ƙarƙashin Norm ɗin ya ci kofi shida yana ɗan wasa a ƙungiyar Melbon. Tun 1965 yake Carlton yana horon waɗannan yara. Abin da ya yi ranar shi ne ya kwance musu dabaibayi, ya ce su yi abin da suka riga suka iya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ga ra'ayinmu ke nan a taƙaice. Aikin malamin wasa kusan duka kafin ranar wasa yake. In ya koya wa kowane yaro aikinsa, ya kuma koya masa dalilin aikin, to yaron zai san lokacin da zai tsaya a wurinsa da lokacin da zai bar shi. In kuwa malami ya riƙe dalilin a cikinsa, yana so kowane taki sai an jira bakinsa, to ya sami bayi masu biyayya, amma ran da muryarsa ba ta kai ba sun zama garken da ba makiyayi.

Da dabara ta yi yawa

Kada a ɗauka muna cewa kowace sabuwar dabara alheri ce. Gasar da aka fara a jihar Biktoriya a 1897 ta zama ta ƙasa duka, aka sake mata suna a 1990, kuɗi suka shigo, 'yan wasa suka bar sauran sana'o'insu, malamin wasa ya sami mataimaka da na'urori masu ƙidaya kowane bugu. Da fari dabarun na buɗe fili ne. Denis Pagan na North Melbourne ya kan janye mutanensa na gaba zuwa tsakiya, ya bar wa Wayne Carey sarari fetal ya ruga ciki, da haka suka ci kofi a 1996 da 1999. Amma sai waɗansu suka lura cewa tun da ba dokar da ta hana, ai ana iya kwashe 'yan gaba a tura su baya su cushe hanya. Wannan dabara ita suke kira ambaliya. An fi danganta farkonta da Rodney Eade na ƙungiyar Sidni daga 1996. A shekarar 2000 Essendon ta ci wasa 20 a jere, sai Terry Wallace na Western Bulldogs ya yi mata ambaliya, ya cinye ta da maki 11. Wannan kaɗai ne wasan da Essendon ta faɗi a shekarar, cikin 25.

Daga nan kowa ya ɗauki darasi. A 2005 Paul Roos ya kai Sidni ga kofi da wasan matsi da cunkoso, har shugaban hukumar wasan na lokacin, Andrew Demetriou, ya kushe salon a bainar jama'a. A wasan ƙarshe suka ci West Coast 58 da 54, watau gwal 8 da 7 kacal. A 2008 Alastair Clarkson na Hawthorn ya zo da wani salo, ya ce kowa ya bar bin mutum ya tsare wuri, ƙungiya duka tana matsawa tare kamar taru, da shi kuwa ya kayar da Geelong wadda sau ɗaya tak ta faɗi a shekarar kafin ranar. A wasan nan 'yan Hawthorn suka riƙa tura ƙwallo cikin gidansu da gangan, suna ba da maki ɗaya don tsoron shida, har sau 11, abin da ya sa aka sake doka a 2009.

To, masu kare waɗannan malamai suna da hujja, ba kuwa za mu raina ta ba. Sun ce an ɗauki mutum aiki ya ci wasa ne, in bai ci ba korarsa za a yi, waɗanda ke kukan wasa ya yi muni su ne za su fara neman a kore shi. Sun ce Sidni ta yi shekara 72 ba ta ga kofi ba, tun 1933 tana can Melbon da sunan South Melbourne. Je ka gaya wa tsohon da ya yi ta jira tun yana yaro cewa kofin bai yi kyau ba. Sun kuma ce ambaliya makamin mai rauni ne, in aka hana shi, to ƙungiya mai taurari ita za ta yi ta ci kullum. Duk wannan gaskiya ne. Ba ma ganin laifin Roos ko Wallace; kowa ya yi noma da irin fartanyar da ke hannunsa.

Amma a dubi abin da aka biya. Mai cin gwal na gaba, wanda dā shi ne abin kallo, ya rasa sarari. Bob Pratt ya ci 150 a 1934, Peter Hudson ya ci 150 a 1971, Tony Lockett ya tara 1,360 a rayuwarsa ta wasa. Lance Franklin ya haura 100 a 2008, daga nan har 2025 ba a sake samun wanda ya kai ɗari a shekara guda ba. Mutum 36 suka koma bin ƙwallo a dunƙule cikin kusurwa guda ta wannan makeken fili, sauran wurin ba kowa. Don su iya wannan gudu, malamai suka riƙa musanya 'yan wasa da na benci fiye da sau ɗari a wasa guda. Mai kallo ya kan ga yaro ya ci gwal mai kyau, maimakon ya tsaya inda hannunsa ya yi zafi, sai ya ruga benci domin takarda ta ce lokacin hutunsa ya yi. Har wa yau akwai masinja, mutum mai riga ta dabam wanda malami ke aikawa cikin fili da saƙo ana tsakiyar wasa. Waɗansu masinjojin suka mai da fili gida, suna tsaye suna nuna wa manyan mutane inda za su sa ƙafa.

Doka ta yi nata

Hukumar wasan ta tashi gyara. Ta ƙayyade musanya zuwa 120 a 2014, ta rage zuwa 90 a 2016, ta ƙara ragewa zuwa 75 a 2021, don gajiya ta tilasta wa mutane komawa wurarensu. A 2019 ta ce duk lokacin da za a tayar da ƙwallo a tsakiya, tilas kowane gefe ya tsayar da shida a gaba, shida a tsakiya, shida a baya. A shekarar nan kuma ta hana masinja shiga fili sai bayan an ci gwal, ya kuwa fita kafin a ci gaba. Malamai da yawa suka yi gunaguni a kan wannan ta ƙarshe, suna cewa ƙungiya mai yara ƙanana za ta cutu. Mu a ganinmu wannan gunaguni shi ya tona asirin. Malamin da ya ce almajiransa ba za su iya minti goma ba tare da saƙonsa ba, ai kansa ya kai ƙara.

Duk da haka kada a zaci doka ta warkar da ciwon. A 2019, shekarar da aka kawo dokar shida-shida, maki ba su ƙaru ba, sai ma suka ragu, domin da zarar ƙwallo ta tashi kowa ya kan ruga inda aka riga aka gaya masa. Doka tana iya tsayar da mutum a wuri na daƙiƙa biyar, amma ba ta iya sa masa ƙarfin halin yanke shawara da kansa. Wannan sai a filin horo, hannun malami.

Kura da shan bugu

Akwai wani nauyi kuma da ke kan malami, wanda jama'a ba su cika lura da shi ba. Babbar lambar yabo ta ɗan wasa guda ita ce lambar Brownlow, wadda aka fara bayarwa a 1924, alƙalan wasa ke zaɓe bayan kowane wasa. Tun da idon alƙali yana kan ƙwallo, wanda ya fi taɓa ta shi ya kan gani. Gavin Wanganeen na Essendon ya same ta a 1993 yana mai tsaron baya, daga nan har 2025 ba wani mai tsaron baya da ya ƙara samu, kusan kullum 'yan tsakiya ke kwashewa. Alhali kuwa akwai ayyukan da ba a cin kofi sai da su, masu yinsu kuwa sunansu ba ya shiga jarida. Akwai wanda ake ce masa ka zame wa gwanin wancan gefe ƙarfen ƙafa, duk inda ya sa ƙafa ka sa, ko da kai ba za ka taɓa ƙwallo ba yini guda. Akwai mai tsaron baya wanda aikinsa ya naushe ƙwallo daga hannun mai shirin cafewa. Akwai wanda ke tare wa ɗan'uwansa hanya da jikinsa, ya sha karo, wani ya ci gwal a tafa masa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Malami nagari shi ne mai ganin kurar. Cameron Ling ya yi shekaru yana aikin ƙarfen ƙafa a Geelong, ƙungiyarsa ta naɗa shi kyaftin, shi ya ɗaga kofi a 2011. Ryan Crowley, mai irin wannan aiki a Fremantle, shi ƙungiyarsa ta zaɓa gwaninta na shekarar 2012. A 2017 Damien Hardwick na Richmond ya bar dogo guda ɗaya a gaba, Jack Riewoldt, ya kewaye shi da ƙananan yara masu sauri, ya ce musu babban aikinsu shi ne su kori masu tsaron baya na wancan gefe su kama su, kada ƙwallo ta fita cikin sauƙi. Dustin Martin ne ya kwashe lambobin yabo a shekarar, ya kuwa cancanta, amma da guje-gujen waɗannan yara Richmond ta ci kofin da ta yi shekara 37 tana nema. Mutum ba ya yarda ya yi aikin da ba a tafa masa, mako bayan mako, sai in an fahimtar da shi amfanin aikin, ya kuma tabbata wanda ya sa shi yana gani. Wannan shi ne abin da McHale ya nufa da biyan kowa daidai, ko da yake zamanin biya daidai ya wuce.

Malaman makaranta a bakin fili

Ba mamaki ba ne da yawa daga manyan malaman wannan wasa malaman makaranta ne tun asali. John Kennedy, wanda ya kawo wa Hawthorn kofinta na farko a 1961, malami ne har ya riƙe makaranta. David Parkin, mai kofi huɗu, malami ne. Clarkson ma ya koyar a aji. Na baya-bayan nan shi ne Chris Fagan, mutumin Queenstown a tsibirin Tasmaniya, garin masu haƙar ma'adini inda filin ƙwallonsu tsakuwa ce maimakon ciyawa. Fagan bai taɓa buga wasa ko ɗaya a babbar gasar ba, abin da dā ake gani sharaɗi ne ga mai son koyarwa. Malamin makaranta ne da ya yi shekaru yana taimakon waɗansu. Ya karɓi ƙungiyar Birisben, a shekararsa ta farko, 2017, suka zo na ƙarshe. Bai kori yaran ba, ya ci gaba da koya musu. A 2023 suka kai wasan ƙarshe, Collingwood ta cinye su da maki 4.

A 2024, a wasan da wanda ya faɗi ya fita, Greater Western Sydney ta wuce su da maki 44 a kashi na uku, daidai adadin da aka bi Carlton a 1970. Suka farfaɗo suka ci da maki 5. Bayan mako biyu suka cinye Sidni da maki 60 suka ɗauki kofi, a 2025 kuma suka maimaita a kan Geelong. Wane masinja ne zai iya ɗaukar saƙon da zai biya bashin maki 44 cikin ihun dubban mutane? Abin da ya fisshe su ranar shi ne karatun shekara takwas, wanda ya riga ya zauna a kawunansu tun ba a hura usur ba.

Saboda haka in an tambaye mu wasan na wane ne, sai mu ce daga Litinin zuwa Jumma'a na malami ne, ya tsara, ya gyara, ya yi faɗa in ta kama, ya bayyana wa kowa dalilin wurin da aka ajiye shi. Ranar wasa kuwa na yara ne. Malami yana da hutu uku da zai yi musu magana, yana da ikon sauya wannan da wancan kamar yadda Barassi ya shigar da Hopkins, wannan ya isa. Muna goyon bayan kowace doka da ke rage hannun malami a cikin fili, muna kuma ganin malamin da ya fi kowa ƙin irin wannan doka shi ya fi kowa bukatar ya sake duba koyarwarsa.

Masu karatunmu da ke riƙe da aji, ko ƙungiyar yara a filin makaranta, ko ofis mai ƙananan ma'aikata, ba sai mun yi musu dogon bayani ba. Kowa ya san irin shugaban da in ya yi tafiyar kwana biyu aiki ya tsaya cik, kowace takarda tana jiran dawowarsa, shi kuwa yana taƙama da haka, yana cewa ba a iya kome sai da shi. Muna roƙon irin wannan ya gwada kansa da gwajin da aka yi wa malaman Ostireliya a 2019: ya janye masinjansa, ya zauna a gefe ya rufe bakinsa, ya ga abin da yaransa za su yi. Abin da ya gani ranar, shi ne abin da ya koyar.